Wa ke haɗa kiɗan da DJ ke juyawa? Furodusoshi da kamfanonin faifai na house da techno

Tambaya: Ina yawan sauraron haɗin da DJ-DJ ke sakawa a intanet na kiɗan house da techno, kuma yana shiga raina sosai, amma ban san sunan kiɗa ko ɗaya ba, balle wanda ya yi shi. Sai in ji waɗanda suka daɗe a harkar suna ambaton furodusa wane da kamfani kaza kamar suna maganar danginsu. Su wa ya kamata in sani, kuma ta yaya zan koyi gane hannunsu?

Amsa: Ɗan'uwa, inda ka tsinci kanka nan kowa yake farawa, domin haka aka tsara kiɗan. Gwanintar DJ ita ce ya ɓoye maka inda kiɗa ɗaya ya ƙare wani ya fara, sai ka ji awa guda ta wuce kamar abu ɗaya, alhali ka saurari aikin mutum goma sha biyar ko ashirin. Kowane ɗaya daga cikinsu wani ne ya zauna a ɗaki da na'urori ya haɗa shi, wani kuma ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya buga faifai ɗari uku ko ɗari biyar, ba tare da tabbacin za su ƙare ba. Na farkon shi ne furodusa, na biyun shi ne kamfanin faifai. Hoton DJ ne a jikin fasta, amma waɗannan biyun su ne masu kayan.

Shawarata ita ce ka fara da kamfanonin. A wannan fage, abin da ake kira kamfani sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, da tebur, da tarin kwalaye a bayan shago. Duk faifan da ya fito da tambarinsa, mai shi yana gaya maka cewa ya saurari abubuwa da yawa ya watsar, wannan ne ya yarda ya sa kuɗinsa a kai. Idan kunnenka ya yi daidai da nasa sau biyu ko uku, ka samu jagora. Sunan furodusa yana iya canzawa, da yawansu suna da laƙabi biyar ko goma, amma kunnen mai kamfani ba ya ɓuya.

A Chicago house ya tsiro, bayan da kiɗan disko ya faɗi a kasuwar Amurka. A watan Yulin 1979 aka tara fayafayan disko a filin wasa na Comiskey Park aka fasa su da nakiya a gaban dubban mutane, manyan kamfanoni kuma suka janye jiki. Amma masu rawa ba su daina ba. A Warehouse, gidan rawar da aka buɗe a 1977, wanda yawancin masu zuwa baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, da yawansu masu neman jinsi ɗaya da ba a maraba da su a wasu wuraren, DJ Frankie Knuckles ya riƙa yanka tsofaffin waƙoƙi a kan tef yana tsawaita wuraren da ke motsa mutane. Daga baya, a Power Plant, ya ƙara da injin ganga a ƙarƙashinsu. DJ Ron Hardy a gidan rawa na Music Box ya fi shi zafi da ƙarar sauti. Matasan da ke rawa a gabansu suka ce su ma za su iya, kuma a daidai lokacin na'urorin kamfanin Roland na Japan sun yi arha a shagunan kwance. TR-808 da TR-909 an yi su ne don su kwaikwayi mai ganga, TB-303 kuma don ta tsaya a madadin mai jitar bes. Mawaƙan da aka yi su dominsu suka ce ba su yi kama da na gaske ba, aka daina ƙera su bayan 'yan shekaru. Abin da aka raina shi ne yaran Chicago suka ɗauka.

A wurin Larry Heard nake so ka daɗe. Mai ganga ne tun asali, ma'aikacin gwamnati da rana, wanda ya gaji da 'yan ƙungiyar da ba sa sauraron ra'ayinsa ya sayi kibod da injin ganga ya koma ɗaki. "Can You Feel It", wanda ya fito a 1986 da sunan Mr. Fingers, da rikodar kaset biyu ya ɗauke shi: ya buga sashe a kan ɗaya, ya juye zuwa ɗayar yana ƙara wani da hannu. Ka saurare shi da abin kunne mai kyau. Bes ɗin yana zagayawa a hankali, sautin kibod mai taushi yana sauka a kansa ya daɗe kafin ya ɗaga, gangar ba ta gaggawa. Kafin shi house na Chicago duka ne da tsalle, shi ya nuna cewa injin zai iya ɗaukar kewa da natsuwa. Duk abin da ake kira deep house a yau daga wannan ɗakin ya fito, kuma a ganina har yanzu ba a wuce shi ba.

A ɗaya gefen akwai Phuture, wato DJ Pierre da Spanky da Herb J. Sun sami TB-303 na hannu, ba su san yadda ake tsara ta ba, sai Pierre ya bar ta tana maimaita layi ɗaya yana murɗa maɓallanta. Sautin ya riƙa buɗewa yana tsukewa, yana ƙugi yana tsuwwa. Suka kai wa Ron Hardy kaset. Yadda Pierre ke ba da labarin, karo na farko mutane suka watse daga fili, Hardy ya sake sawa, ya kuma sakewa, a karo na huɗu a daren wurin ya rikice. A 1987 aka fitar da shi a faifai da sunan "Acid Tracks", kusan minti goma sha biyu, bayan furodusa Marshall Jefferson ya sa sun rage masa gudu. Abin lura a nan shi ne hannun da ke kan maɓalli. Layin bai canza ba daga farko har ƙarshe, motsin yatsu ne kaɗai kiɗan.

Duka biyun a kamfanin Trax suka fito, kuma dole a faɗi gaskiya game da Trax. Larry Sherman yana da injin buga faifai nasa, don haka yaro zai kawo tef yau, a ga faifansa a shago cikin 'yan kwanaki, abin da babu babban kamfanin da zai yi masa. Wannan saurin ne ya sa sabon salo ya bazu. Sai dai yana narkar da tsofaffin fayafayai ya sake bugawa da su, shi ya sa za ka ɗora allura a kan sabon faifan Trax ka ji yana ƙaras-ƙaras kamar ya shekara ashirin, wani lokaci har ka ga ɓurɓushin takarda a cikin baƙar robar. Mafi muni, da yawa daga cikin masu kiɗan sun yi ta kukan cewa ba su ga kasonsu na ciniki ba, kiɗansu na cika gidajen rawa a Ingila su kuwa hannu babu komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Larry Heard da mawaƙi Robert Owens sun kai ƙara a 2020, sai a 2022 suka karɓo haƙƙin mallakar ayyukansu, bayan fiye da shekara talatin. Ana iya ƙaunar abin da ya fito a Trax ba tare da an wanke Trax ba. Idan kana son ganin Chicago a hannun masu kiɗan da kansu, nemi Cajual na Cajmere, wanda ya fara a 1992, da Prescription na Ron Trent da Chez Damier daga 1993, sai Dance Mania na Ray Barney idan kana son mai zafi marar ado.

Techno kuwa a Detroit ya tsiro, kuma mutanen can tun farko kowa da nasa kamfanin. Juan Atkins ya kafa Metroplex a 1985, Derrick May ya bi da Transmat a 1986, Kevin Saunderson ya buɗe KMS a 1987. Su ukun sun haɗu ne a makarantar sakandare a Belleville, suna kwana suna sauraron wani mai shirin rediyo da ake kira Electrifying Mojo, wanda ke jera Kraftwerk na Jamus da Parliament da Prince a dare ɗaya. Birnin da suke kallo kuwa yana zubewa: daga mutum kusan miliyan 1.8 a 1950 ya dawo wajen miliyan ɗaya a 1990, masana'antun mota suna rufewa, unguwanni sun zama kango. Shi ya sa techno na Detroit yake da sanyin ƙarfe da kewa a lokaci guda, kiɗan mutanen da ke hango gobe daga cikin kufai. Atkins ya fi karkata ga inji da sararin samaniya, May ga zaƙin sauti mai tsinka zuciya, Saunderson kuma shi ya kai abin cikin goma na farko a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya da ƙungiyarsa Inner City.

Amma kamfanin da na fi girmamawa a duk wannan tarihi shi ne Underground Resistance, wanda Mike Banks da Jeff Mills suka kafa a ƙarshen shekarun 1980, Robert Hood ya zo ya same su. Sun rufe fuskokinsu, sun guji hoto, sun ce a saurari faifai a bar mutum. Banks da wasu sun kafa Submerge don ƙananan kamfanonin birnin su riƙa rarraba kayansu da kansu, kada su dogara da kowa. A 1999 suka fitar da "Jaguar" na DJ Rolando, ya zama abin da kowane DJ ke nema. Reshen Sony na Jamus ya fitar da kwaikwayonsa ba da yardarsu ba, masoya daga ko'ina suka yi ta aika saƙonnin ƙorafi har Sony ya janye. A ƙarƙashin wannan inuwar Drexciya suka girma, James Stinson da Gerald Donald, waɗanda suka gina dukan aikinsu a kan wata tatsuniya ta al'ummar da ke zaune a ƙarƙashin Tekun Atlantika, zuriyar mata masu ciki da aka jefa daga jiragen bayi. Kiɗa ne da kusan babu kalma a cikinsa, amma sunayen kiɗan da rubutun bangon faifai suna ɗauke da tarihi mai nauyi haka. Wanda ya ji shi a cikin haɗin DJ kawai ba zai taɓa sanin wannan ba.

Zuriya ta gaba ta riƙe al'adar: Carl Craig da kamfaninsa Planet E daga 1991, Moodymann da KDJ, Theo Parrish da Sound Signature daga 1997, Omar-S da FXHE. Kada ka tsallake K-Hand, Kelli Hand, wadda ta tafiyar da Acacia da kanta tun farkon shekarun 1990 a fagen da maza suka cika, ta rasu a 2021 ba a yaba mata yadda ya kamata ba.

Bayan furodusa da mai kamfani, akwai mutum na uku da ba a cika ambata ba. Ɗauki tsohon faifan Detroit ka karkata shi ga haske, ka dubi santsin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. Sau da yawa za ka ga an karce haruffa uku da hannu, NSC. Wannan alamar Ron Murphy ce, injiniyan da ke yanka uwar faifai wadda daga ita ake buga sauran. Shi ke yanke shawarar zurfin hanyar da allura za ta bi da faɗinta, wato yawan bes da ƙarfin da faifan zai ɗauka ba tare da allura ta yi tsalle ba. Ya yanka fayafayan da ke farawa daga ciki su fito waje, da masu zoben da allura ke zagayawa ba iyaka. Ya rasu a 2008. Kaurin sautin da ake cewa na Detroit ne, wani kaso nasa daga hannun wannan dattijon yake.

New York ba zan daɗe a kanta ba, ko da yake tana da yawa. Strictly Rhythm, wanda aka kafa a 1989, hujja ce ta abin da na faɗa game da kunne: Gladys Pizarro ce ke zaɓar abin da zai fita a shekarun farko, tana yawon gidajen rawa da dare, ta hannunta Roger Sanchez da wasu da dama suka shigo. Nu Groove ya rayu ne daga 1988 zuwa 1992 kacal, amma ya fitar da fayafayai sama da 100, da yawansu aikin tagwaye ne, Rheji da Ronald Burrell, da sunaye iri-iri, har mai saye ya ɗauka mutum goma ne. Daga nan ka nemi Masters at Work, wato Louie Vega da Kenny Dope, don jin yadda ake sa injin ganga ya yi rangaji, da Kerri Chandler na New Jersey don babbar ganga mai nauyi da sautin coci.

A Turai, wuri ɗaya ne zan ce lallai ka tsaya. Mark Ernestus ya buɗe shagon faifai na Hard Wax a Berlin a 1989, shekarar da katanga ta faɗi, ya zama mashigar kayan Detroit da Chicago. A 1993 shi da Moritz von Oswald suka fara kamfanin Basic Channel. Sun ɗauko dabarar dub ta Jamaika, ta cire abubuwa a bar amsa-kuwwa ta cike gurbi, suka ɗora ta a kan techno. Sauti ɗaya na kibod zai faɗo, ya yi ta dawowa yana dusashewa, a bayansa wani shuu kamar na tsohon tef, minti goma ko fiye. Da farko za ka ce babu abin da ke faruwa. Wajen minti na shida sai ka lura cewa komai ya matsa daga inda ya fara, ba ka san lokacin ba. Fayafayansu na farko a wurin Ron Murphy aka yanka, daga baya suka buɗe nasu ɗakin yanka, Dubplates & Mastering, a 1995. Takardun tsakiyarsu ma da gangan aka dusashe rubutun har da ƙyar ake karantawa. Ban da su akwai Tresor a Berlin daga 1991, da Kompakt a Cologne, da Perlon wanda ya nace wa faifai ya ƙi sayar da yawancin kayansa a matsayin kiɗan saukewa ta intanet, da Warp na Sheffield a Ingila, wanda ya fara a 1989 da faifai 500 da aka yi ta kaiwa shaguna a motar aro. Kuma zaren bai tsaya a nan ba: Príncipe a Lisbon, mai fitar da kiɗan 'ya'yan baƙin haure daga Angola da Cape Verde da Sao Tome a bangon da ake zanawa da hannu, da Nyege Nyege Tapes a Kampala, aiki iri ɗaya suke yi da wanda Metroplex ya yi.

Game da gane hannu, abu ne na haƙuri, amma ba sihiri ba ne. Yawancin house yana tafiya ne tsakanin bugu 118 zuwa 128 a minti, babbar ganga tana faɗuwa sau huɗu daidai wa daida, don haka ba a nan bambancin yake ba. Ka kau da kunnenka daga babbar gangar ka bi ƙananan sautukan da ke tsakanin bugu da bugu, 'yar tsit-tsit ɗin da tafin. A wurin Kenny Dope suna ɗan jinkiri, suna jan ƙafa. A wurin Robert Hood a miƙe suke kamar an auna da ma'auni. A wurin Theo Parrish kamar za su faɗi amma ba sa faɗuwa, kuma yana barin ƙura a kan sautin da gangan. Sai ka lura da abin da furodusa ke cirewa da lokacin da yake mayar da shi, domin a wannan kiɗan cirewa ta fi ƙarawa wuya. Sannan ka saurari kiɗa ɗaya shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, ba a cikin haɗi ba. Minti ɗaya ko biyu na ganga zalla a farko da ƙarshe ba ƙarancin basira ba ne, wuri ne da aka bar wa DJ ya ɗaura wani. Kuma ka riƙa juya faifai: sau da yawa abin da mai shi ya fi so yana baya, na gaba don kasuwa aka sa shi.

Hanyar bin sawu kuwa ta yi sauƙi yanzu. Idan wani kiɗa ya kama ka a cikin haɗi, duba ko an jera sunayen a ƙasa, ko ka gwada Shazam, manhajar waya da ke gane kiɗa. Da ka samu suna, ka shiga Discogs, rumbun da aka fara a 2000 don irin wannan kiɗan musamman. Zai nuna maka sunan gaskiya a bayan laƙabi, da kamfanin, da lambar faifan, da wanda ya yanka shi. Idan lambarsa ta 14 ce, saurari ta 13 da ta 15, sannan ka koma ta 1 ka taho a jere. Kamfani ɗaya a wata ya isa. A haka za ka ji lokacin da kunnen mai shi ya buɗe, da lokacin da ya gaji ko kuɗi suka ja shi wani wajen, domin kamfanoni ma suna da ƙuruciya da tsufa, kuma ba duk abin da ke ɗauke da tsohon tambari mai daraja ne ya cancanci sunan ba, musamman bayan an sayar da shi ga wasu.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne kuɗi, domin matsalar zamanin Trax ba ta mutu ba, kama ta canza. Babban DJ yana iya karɓar a dare ɗaya abin da furodusan da ya juya kiɗansu ba za su samu a shekara ba. DVS1, wani DJ daga Minneapolis, ya ƙirƙiro Aslice a 2022 don DJ-DJ su riƙa ware wani kaso na ladansu ga masu kiɗan da suka juya, amma aka rufe shi a 2024, saboda mafi yawan manyan ba su shiga ba. A shekarar ce kuma Spotify ya daina biyan komai a kan kiɗan da bai kai sauraro 1,000 a shekara ba, kuma da yawa daga cikin kayan ƙananan kamfanoni a nan suke faɗawa. Ba sai kana da garmaho ba kafin ka taimaka. Yawancin waɗannan kamfanoni suna da shafi a Bandcamp, inda ake cire kashi 15 cikin ɗari a kan kiɗan saukewa, mafi yawan sauran ya tafi ga mai shi. Idan tsohon faifai ne aka sake bugawa, ka duba ko da izinin mai kiɗan ko iyalansa aka yi, domin na bogi sun yi yawa. Kuma duk lokacin da ka tura wa aboki wani kiɗa, ka rubuta sunan wanda ya haɗa shi da kamfanin da ya fitar.

Idan ka ce in zaɓa maka mafari, fara da Larry Heard har sai kunnenka ya zauna, sannan Prescription, sannan Underground Resistance. Basic Channel ka bar shi zuwa lokacin da za ka iya zama minti goma ba ka taɓa waya ba.